Mun Iya Tambayar Hanya, Mun Manta da Tambayar Mota

Duk wanda zai fita daga Gusau da sassafe, ko gabas ya nufa ta Tsafe zuwa Funtuwa, ko yamma ta Bungudu zuwa Talatar Mafara da Sakkwato, akwai tambayar da ba ya tsallakewa: ya hanya? Zai kira wani direba da ya sani a tasha, ko wani ɗan'uwa a Tsafe, ya ji ko motoci sun fara shigowa daga can ɓangaren, ko jami'an tsaro sun fito, ko an ji wani motsi cikin dare wajen Magazu ko Kucheri ko Wanzamai. Shekarun nan na 'yan bindiga sun koya mana wannan karatu, kuma mun haddace shi. Mun san lokacin fita, mun san lokacin da ake haƙura a kwana. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, mutumin da ya ƙarar da katinsa wajen binciken lafiyar hanya, shi ne zai faɗa mota ya murza makulli, ko zagaya ta bai yi ba.

Alhali duk wannan lissafi na fita da hantsi a iso kafin la'asar a kan zato guda aka ɗora shi, wato motar za ta tafi ba tsayawa. A wasu garuruwan lalacewar mota ɓata lokaci ne da asarar 'yan kuɗi, mutum ya samu inuwa ya zauna ya jira bakanike. A hanyoyinmu magana ta wuce nan. Inda motar ta tsaya da sa'ar da ta tsaya su ne abin tsoro, kuma taya ba ta shawara da kowa kafin ta fashe. Tana iya yi a gaban shagon mai faci a tsakiyar Tsafe, tana iya yi a inda ba ka ganin komai sai dawa da gero dama da hagu, a watan da shuka ta fi mutum tsawo.

Wanda ya ce ai akwai waya, ya tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka taƙaita sayar da shi ga Gusau da hedikwatocin ƙananan hukumomi. Makonni aka yi wanda motarsa ta mutu a hanya ba shi da wanda zai kira, sai dai ya ɗaga hannu ga mai wucewa, mai wucewan kuwa a wannan zamani ba kowa yake tsaya wa ba, kuma ba a ganin laifinsa. Ko yau da layuka suke aiki, wane bakanike ne zai ɗauko akwatin sifanarsa ya hau babur ya same ka a bayan gari bayan magariba?

Tsaron hanya ba ya hannunmu. Gyaran kwalta ma haka, aikin hukuma ne, kuma ana bin ta bashi mai yawa. Amma akwai ɗan yanki guda na wannan sha'ani da yake hannun mai mota shi kaɗai, ba ya bukatar kwangila ko kasafin kuɗi, minti goma ne a ƙofar gida kafin rana ta ɗaga. Shi ne muka fi wasa da shi.

Ina ganin girman kai na da kaso a ciki. A wurinmu wanda Allah ya hore wa mota ya wuce buɗe bonet, wannan aikin yaro ne ko direba. Yaron kuwa abin da ya sani shi ne wanki, zai goge ta tana ƙyalli, ya shafa wa tayoyi mai su yi baƙi wul, tsagar da ke jikinsu ta ɓuya. Kakanninmu da suka yi zamanin doki ba haka suke ba. Basarake da barwansa yana tsaye, amma sai ya taɓa majayi da hannunsa ya ji ko ya ɗauru, ya dubi kofato, sannan ya sa ƙafa a likkafa, domin ya san idan sirdi ya juye ba barwan ne zai sha ƙasa ba.

A fara da taya, don tana cikin abubuwan da ke kashe mutane waɗanda ido ke iya gani. Yadda muke awon iska abin dariya ne da ba don rai ke ciki ba. Direba ya kai mata shuri, ko mai faci ya buga ta da ƙarfe ya kasa kunne, ya ce, "Alhaji, lafiya lau take." In kuwa zai ƙara, sai ya dura har 45 ko 50, wai don ta ɗauki kaya. Kowace mota tana zuwa da awon da masu ƙera ta suka ƙayyade, galibi yana rubuce a wata 'yar takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ka buɗe ƙofar ka duba ƙasa za ka gan ta. A yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35. Lambar da ke rubuce a jikin tayar kanta, wadda masu faci da yawa ke bi, iyakar abin da tayar za ta iya jurewa ce, ba abin da motarka ke bukata ba. Iska in ta yi yawa, tsakiyar tayar kaɗai ke taɓa ƙasa, riƙo ya ragu, birki ya ƙi kamawa da wuri, ramin farko da aka faɗa ya fito mata da ƙulu a gefe.

Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne na bazara. Akwai maganar da ta zauna a bakin direbobi cewa in kwalta ta yi zafi a watan Afrilu sai a rage iska kada taya ta fashe. Gaskiyar al'amari akasin haka take. Tayar da iskarta ta yi ƙasa, gefenta ke lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, wannan lanƙwasar ce ke haifar da zafi a cikin jikinta har roba ta rabu da wayoyin da ke riƙe da ita, ta tarwatse ana cikin gudu. Ana awon iska ne da safe, tayar na sanyi. In ka yi tafiya ka auna ka ga ta ƙaru da ɗan kaɗan, haka aka yi ta, kada ka sace. Kuma taya lafiyayya ma tana rage iska a hankali cikin wata, shi ya sa ɗan ƙaramin geji na aljihu ya cancanci wuri a cikin motarka. Gejin masu faci da yawa ya sha faɗuwa a ƙasa har ya daina faɗin gaskiya.

Taya tana da ranar haihuwa, kuma a rubuce take. A gefenta, ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana wa'azin cewa taya shekara huɗu gare ta. Manyan kamfanonin taya sun fi sassauci, suna cewa a riƙa kai ta ana dubawa bayan shekara biyar, kada kuma ta wuce goma ko da zanenta bai cinye ba. Mutum ya zaɓi wanda zai bi, amma ya tuna ranar da ke dukan roba a Bungudu ba irin ta Turai ba ce. Zanen kuma yana da nasa ma'aunin: a cikin kwarin zanen akwai 'yan tudunnin roba, ranar da fuskar tayar ta yi daidai da su, saura milimita 1.6, aikinta ya ƙare. A kwaltar da ruwan Agusta ya kwanta, irin wannan taya sulɓi take yi a kan ruwa, sitiyari ya zama ado.

Na san amsar da za a ba ni: sabuwar taya ta fi ƙarfin talaka. Gaskiya ne. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Legas a 2008, kusan duk tayar da muke takawa daga waje take, farashinta na bin dala. Shi ya sa kasuwar Beljiyam ta cika, duk da cewa tsofaffin tayoyi na cikin jerin kayan da kwastam ta haramta shigowa da su. Ba zan tsaya ina yi wa wanda albashinsa bai kai ƙarshen wata wa'azin sabuwar taya ba. Amma in dole ta sa za ka sayi ta hannu, ka saya da ido buɗe. Karanta shekararta. Sa a cire ta ka leƙa cikinta ka ga faci nawa ta sha, ka ƙi wadda aka yi wa faci a gefe. Ka lura da hoton dutse mai ƙanƙara a jikinta, wannan tayar hunturun Turawa ce, robarta mai laushi an yi ta don sanyi, zafinmu cinye ta yake yi. Da yawa daga cikin waɗanda ke da zane mai kyau a kasuwa irinsu ne, kyan zanen ne ke jan mai saye.

Kada kuma a ɗauka wannan matsalar masu tsofaffin Golf ce kawai. Ranar 6 ga Maris 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, cikin babbar mota ta alfarma. Binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ya nuna tayar baya ce ta fashe ana gudu, direba ya danna birki da ƙarfi, motar ta wuntsila, an kuma gano ba a ɗaura tayoyin ta fuskar da ta dace ba. Akwai tayoyin da ke da ciki da waje, akwai masu kibiya da ke nuna inda za su juya, duk a rubuce a jikinsu. Darasi na biyu na wannan haɗari ya kamata kowane direba ya riƙe: in taya ta fashe, ƙafa ba ta zuwa birki. A riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali, a bar motar ta rage gudu da kanta.

Sai safaya, marainiyar but. Mutane nawa ne suka san ko tasu na da iska? Wasu sai ranar bukata suke gano yaron gareji ya ari jak bai dawo da shi ba. Ga kuma wani abu da ban taɓa jin ana faɗa ba: yaran masu faci suna zura dogon bututu a sifana su hau kai da ƙafa su ɗaure noti, ɗaurin da ƙaramar sifanar motarka ba za ta kwance ba ko za ka kwana kana yi. Gwada a gida, ranar da ba ka gaggawa. Kwance kowane noti ka mayar da shi da ƙarfin hannunka, ka koyi inda ake kafa jak, ka canja taya sau ɗaya a tsakar gida don hannunka ya san aikin. Matan da ke tuƙi a Gusau, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, su ma wannan ya shafe su, kuma maigidan da ya saya wa iyali mota bai nuna mata wannan ba bai gama kyautar ba. Ra'ayina kuma, in taya ta sace a wurin da hankalinka bai kwanta ba, kada ka tsaya. Rage gudu sosai, ka lallaɓa a kan rim har gari na gaba ko shingen jami'an tsaro. Taya za ta lalace, wataƙila rim ma ya tafi. Kowa a Zamfara ya san kuɗin rim, ya kuma san kuɗin fansa.

Cikin bonet abubuwa ba su da yawan da ake tsoro. Baƙin mai ana duba shi ne mota na tsaye a wuri mai daidai, inji a kashe na 'yan mintuna. A zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyu, kuma wuce alamar sama ba alheri ba ne, lahani yake yi. In ka ga ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, wannan ta bakanike ce, a ranar. Kaurin man da injin ke so sau da yawa yana rubuce a murfin da ake zuba shi. Motoci da yawa na zamani siririn mai suke so, irin 5W-30, amma a garejinmu kowace mota 20W-50 ake ɗura mata, wai mai kauri ya fi ƙarfi. Littattafan motoci kuma suna ware wuraren ƙura da zafi a matsayin yanayi mai tsanani da ke bukatar juye da wuri, mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu cikin ƙurar hunturu muke iyo. Matatar iska ma haka, a buɗe a duba, in ta toshe inji na shan mai yana kasa numfashi. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, matata mai datti da taya mai ƙarancin iska haraji ne da mutum ke biya kullum ba tare da an ba shi rasit ba.

Lagireto shi ne inda muka fi yi wa mota zalunci. Ruwan rijiya, ruwan burtsatse, ruwan leda, duk abin da hannu ya kai. Gishirin da ke cikin irin wannan ruwa shi ke daskarewa ya toshe ƙananan hanyoyin lagireto, tsatsa ta ci famfon ruwa, sai wata ranar Afrilu wajen dutsen Kwatarkwashi allura ta haura ja. Ruwan sanyaya inji mai kala da ake sayarwa a galan ba na ƙasashen sanyi kaɗai ba ne kamar yadda ake cewa, yana hana tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa. A duba shi da safe a 'yar robar da ke gefe, a matsa tiyo a ji ko ya yi laushi ko ya bushe ya tsattsage, a dubi fambel. In kullum sai ka ƙara ruwa, akwai inda yake zuba, a nemo wurin, a daina yawo da jarka. Murfin lagireto kuwa ba a buɗe shi inji na da zafi. Ruwan ciki a matse yake, ya wuce zafin tafasa, kuma fuska yake nema.

Birki gwajinsa a cikin gida ne: taka ka riƙe. In feda na nitsewa a hankali ƙarƙashin ƙafarka, ko ta yi taushi, motar nan ba ta fita. Man birki yakan ɗan sauka yayin da takalman birki ke cinyewa, amma in ya sauka da sauri yoyo ne. Yana kuma shan danshi, shi ya sa ake canja shi kamar duk shekara biyu, abin da kusan ba wanda ke yi a nan. Masu zuba ruwan sabulu a madadinsa don a kai gari, Allah ya shirye su, fasinja goma suke ɗauke da su.

Sauran na ido ne. Kan batir in ya yi farin gari a wanke a ɗaure, a daina bugun sa da dutse duk safiya. A kunna fitilu a zagaya, domin mota mai ido ɗaya da dare babur ake ɗaukar ta har sai an zo gab da juna. Robar share gilashi da ta sha ranar bazara ta bushe, ruwan farko na Yuni zai tona asirinta, a canja ta kafin nan. A leƙa ƙarƙashin mota a ga abin da ya ɗiga cikin dare. Tanki kada ya sauka ƙasa da rabi in za a bar gari, don famfon mai a cikin tankin yake kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi, ban da cewa wanda mai ya yanke wa a hanya sai abin da 'yan bumburutu suka ce, da kuma abin da suka zuba a kwalbar.

Fitilun da ke gaban direba su ma magana suke yi, mu ne muka ɗauke su kwalliya. Na sha ganin motar da aka liƙe wa fitilar gargaɗi da baƙin salatif don ta daina damun mai ita. Waccan 'yar alama mai kama da tukunya da alamar motsin rai a tsakiya, ta iskar taya, tarihi gare ta. Bayan mutane da dama sun mutu a Amurka sakamakon tarwatsewar tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer, majalisar ƙasar ta yi doka a 2000, daga 2007 kuma ya zama dole kowace sabuwar ƙaramar mota ta zo da na'urar da ke faɗa wa direba iska ta ragu. Motocin nan ne muke saye ta Kwatano da Legas, mu sa a kashe na'urar. Ƙa'idar fitilun mai sauƙi ce: ruwan ɗorawa na nufin a je a duba nan kusa, ja na nufin yanzu. Jar butar mai in ta kama ana tafiya, inji na iya bugawa cikin 'yan mintuna.

Akwai masu cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa. Haka ne, kuma ba mai jayayya. Sai dai mai faɗin haka bai fasa kiran Tsafe ya tambayi hanya ba, bai kuma fasa kulle shagonsa da dare ba. A kan mota kaɗai tawakkalinsa ke tashi, wurin da yin sababi zai sa ya durƙusa ya ɓata rigarsa.

Mafi yawan masu bin waɗannan hanyoyi ma ba su da motar kansu. Golf da Sharon da bas suke shiga, an danna mutum biyu a gaba, buhuna sun danne bayan motar har salansa na shafar ƙasa. Fasinja ba shi da bakin cewa a buɗe but ya ga safaya, in ya yi magana 'yan kamasho su ce ya sauka ya sayi tasa. A nan ne nake ganin ƙungiyar direbobi ta NURTW za ta iya abin da jami'an Kiyaye Haɗurra da na ZAROTA ba za su iya a bakin titi ba, inda bincike yakan ƙare a kan takardu da tukunyar kashe gobara. Ƙungiya ce ke rubuta layi, ita ke karɓar kuɗin lodi, ita ta san kowace mota da mai ita. A ajiye mutum guda da geji mai kyau a ƙofar kowace tasha a Gusau da Tsafe da Bungudu, ya auna tayoyi huɗu da safaya, ya ga jak da sifana da idonsa, ya sa direba ya taka birki ya kunna fitilu. Motar da ta gaza, a ba ta baya a layi har ta gyara, ta bayanta ta yi lodi.